Tsaron Kwantam: Matasan Zariya, Mu Fara Da Koyon Ɓalle Kwaɗo

Tun daga shekarar 2023 manyan kamfanonin fasaha suka fara canja kwaɗon da ke kulle saƙonninmu, kuma da yawa daga cikinmu ba mu ankara ba. Manhajar Signal ta yi nata a watan Satumban 2023. A Fabrairun 2024 kamfanin Apple ya sanar da sabon tsarin da ya kira PQ3 a iMessage, a Afrilun shekarar kuma burauzar Chrome ta kwamfuta ta bi sahu. Ranar 13 ga Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta fitar da sabbin ƙa'idoji uku na ɓoye bayanai da sa hannu a intanet. Dalilin duk wannan guda ɗaya ne: tsoron kwamfutar kwantam.

Wannan canji ya buɗe babban fagen bincike, kuma tambayar da masu sha'awar fasaha ke yawan yi a Samaru ita ce, ta ina mutum zai shiga? Mafi yawa sun ɗauka sai wanda ke da ɗakin gwaji cike da na'urorin leza a Chaina ko Kanada. A ganina, ƙofar da ta fi kusa da ɗan Zariya ita ce ta masu gwada kwaɗo, wato masu neman inda tsari ya yi rauni kafin ɓarawo ya gano. Jarin wannan aiki lissafi ne da haƙuri da laftof, kuma ƙasar nan na matuƙar buƙatar masu yin sa.

Abin da ake tsoro

Duk lokacin da ka buɗe manhajar banki ko ka tura saƙo a WhatsApp, wayarka da na'urar da ke ɗaya ɓangaren sukan fara daidaitawa a kan makullin sirri, alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Dabarun da ke sa hakan ya yiwu, irin su RSA ta 1977 da 'yan uwanta, sun dogara ne ga lissafin da yin sa ke da sauƙi amma kwance shi ke da wuya. Ninka manyan lambobi biyu abu ne na ƙiftawar ido ga kwamfuta. Amma a ba ta sakamakon mai alƙaluma sama da 600 a ce ta gano waɗanda aka ninka, ko an haɗa kwamfutocin duniya gaba ɗaya ba za su gama ba a rayuwarmu.

A 1994 wani masanin lissafi mai suna Peter Shor ya nuna a takarda cewa kwamfutar kwantam mai isasshen girma za ta kwance wannan ƙulli cikin ɗan lokaci. Har yau ba a ƙera mai irin wannan girma ba. Ana auna girmanta da kiyubit, kuma guntun Willow da Google ya nuna a Disambar 2024 kiyubit 105 ne kawai a cikinsa. Sai dai abin lura, a 2019 an ƙiyasta cewa sai da kiyubit miliyan 20 za a iya ɓalle RSA, amma a Mayun 2025 Craig Gidney na Google ya sauko da adadin zuwa ƙasa da miliyan ɗaya. Tazarar na da nisa, amma tana raguwa ta fuska biyu: na'urorin na girma, dabarun kuma na ƙara kaifi.

Me ya sa za mu damu tun yanzu? Saboda mai niyya na iya kwafar bayanan da aka ɓoye yau, ya adana su har ranar da zai samu abin buɗe su. Hirar da ka yi da abokinka a kan wasan ƙwallo ba wanda zai neme ta nan da shekara goma. Bayanan BVN da aka fara tattarawa tun 2014 da na NIN kuwa lamarinsu daban ne. Kana iya canja lambar sirrin katinka a yau, amma zanen yatsanka da ranar haihuwarka suna nan har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa Amurka da Birtaniya suka sa 2035 a matsayin lokacin da suke son a gama ƙaura daga tsofaffin dabarun. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar haske da hanyar lissafi

Mafita biyu aka samo. Ta farko ita ce raba makulli ta hanyar kwantam, abin da ake taƙaitawa da QKD. Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na Jami'ar Montreal ne suka gabatar da ita a wani taro a Bangalore ta Indiya a 1984, shi ya sa ake kiran tsarin nasu BB84. Mai aikawa yana tura ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, kowace da irin karkatarta. A ƙa'idar kwantam, ba ka iya auna irin wannan ƙwaya ba tare da ka dame ta ba, ba ka kuma iya kwafarta. Don haka idan wani ya laɓe a tsakiya yana karantawa yana sake turawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya isa zai zo da kuskure. Mai aikawa da mai karɓa su kwatanta wani ɓangare, in sun ga kuskure ya yi yawa, su watsar da makullin su sake sabo.

An gwada wannan a zahiri. Jinebar Suwizalan ta yi amfani da shi a zaɓen 2007. A Durban ta Afirka ta Kudu an gwada shi lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010. Chaina ta harba tauraron ɗan adam na Micius a Agustan 2016, kuma a Maris ɗin 2025 aka wallafa sakamakon musayar makulli tsakanin Chaina da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, tazarar kilomita 12,900.

Amma mu auna abin da ƙasarmu. Haske na raguwa a cikin wayar fayiba, kusan rabi a kowace kilomita 15. Daga Zariya zuwa Kaduna, kimanin kilomita 80, ƙwaya biyu ko uku cikin ɗari ne za su isa. Zuwa Kano kuwa, kusan ɗaya cikin dubu. Tunda ba a kwafar ƙwayar, ba a iya ƙara mata ƙarfi a hanya kamar yadda ake yi wa sauran saƙonnin intanet. Dole a kafa tashoshi a tsakani waɗanda za a amince da su, kamar yadda Chaina ta yi a layin Beijin zuwa Shanghai mai kimanin kilomita 2,000. Ga tsadar na'urori, ga matsalar wuta, ga masu aikin hanya da ke tsinka fayiba. Kuma QKD ba ta shiga aljihu. Wayar Galaxy A Quantum da Samsung ya fitar a Koriya ta Kudu a 2020 guntun samar da lambobin ka-ci-ka-ci ne kawai a cikinta, ba ta tura makulli ta haske. Hukumar NSA ta Amurka da NCSC ta Birtaniya duk sun fito fili sun ce sun fi karkata ga hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ita ce sabon lissafin da ko kwamfutar kwantam ba a san yadda za ta kwance shi ba, amma yana aiki a kan waya da kwamfutar da muke riƙe da su. Shi ne abin da Signal da Apple da Chrome suka ɗauka. NIST ta buɗe gasa a ƙarshen 2016, dabaru 69 suka shiga zagayen farko, aka shafe shekaru masu bincike na duniya suna dukansu ta ko'ina, sannan aka fitar da ML-KEM domin raba makulli, da ML-DSA da SLH-DSA domin sa hannu.

Sai bango ya tsage

Abin da ya haɗa hanyoyin biyu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne cewa hujjar da ke kan takarda daban, na'urar da ke kan tebur daban. A tsakaninsu ne ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 2010 wata tawaga a jami'ar Trondheim ta Norwe, wadda Vadim Makarov ke cikinta, ta ɗauki na'urorin QKD biyu da ake sayarwa a kasuwa. Ba su karya wata ƙa'idar kimiyya ba. Haska idon na'urar mai karɓa suka yi da haske mai ƙarfi har ya daina ganin ƙwaya ɗaya ɗaya, daga nan suka riƙa sa shi ya faɗi abin da suke so, suka nuna yadda za a kwashe makulli ba tare da kuskuren da zai tona asiri ya bayyana ba. Masu ƙera na'urorin suka gyara, fannin kuma ya ƙara ƙarfi.

A ɓangaren lissafi ma haka ne. A Fabrairun 2022 Ward Beullens ya ɓalle dabarar Rainbow, wadda ta kai zagaye na uku a gasar NIST, da laftof cikin hutun ƙarshen mako guda. Bayan 'yan watanni Wouter Castryck da Thomas Decru na jami'ar Leuven ta Beljiyam suka rusa SIKE cikin kimanin awa ɗaya a kan kwamfuta irin ta kowa, ta hanyar wata ƙa'idar lissafi da aka wallafa tun 1997. A Disambar 2023 kuma aka gano cewa a manhajoji da dama na Kyber, wanda shi ne ya zama ML-KEM, akwai wani lissafin rabawa da tsawon lokacinsa ke canjawa daidai da sirrin da ke ciki. Mai auna lokacin da kyau na iya tsamo makullin. Matsalar, wadda aka sa wa suna KyberSlash, a layi ɗaya ko biyu na kod take.

Ka lura, a cikin misalan nan uku na ƙarshe babu wanda ya yi amfani da kwamfutar kwantam ko leza. Karatu ne da natsuwa. Kuma tun asali haka fannin yake. Rubutu mafi daɗewa da aka sani a kan ɓalle saƙon sirri ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar haruffa na Alkindi ne, a Bagadaza, a ƙarni na tara.

Akwai kuma dalilin da ya shafi ƙasa. A Fabrairun 2020 aka fallasa cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin ɓoye saƙo, mallakar hukumomin leƙen asirin Amurka da Jamus ta Yamma ne a ɓoye, kuma an raunana na'urorin da gangan. Nan da 'yan shekaru bankunanmu da hukumominmu za su sayo sabbin na'urori da manhajoji masu tambarin kwantam. Ƙasar da ba ta da 'ya'yan da za su buɗe akwatin su duba cikinsa, sai dai ta ɗauki abin da mai sayarwa ya faɗa mata.

Tambayoyin da ke kasuwar Sabon Gari

Bincike na gaske yana farawa ne da tambayar da ba a amsa ba, kuma muna da irinta a ƙofar gida. Tsohon makullin da wayarka ke turawa idan za ta gaisa da uwar garke bayit 32 ne. Na ML-KEM da aka fi amfani da shi bayit 1,184 ne, amsarsa kuma 1,088. Tsohon sa hannu bayit 64, sabon mafi ƙanƙanta na ML-DSA kuma 2,420. Ga mai fayiba a gida wannan ba komai ba ne. To ga mai POS a tsakiyar kasuwar Sabon Gari ana gobe sallah, lokacin da netwok ke sauka daga 4G zuwa 2G, layi kuma ya miƙe a gabansa? Sau nawa cinikin zai yanke a tsakiya? Daƙiƙa nawa za su ƙaru? Batirin ƙaramar itel ko Tecno mai shekara huɗu nawa zai ƙara sha? Masu aika kuɗi ta USSD da ƙananan wayoyi fa, ina matsayinsu a wannan ƙaura? Ko a ƙasashen da suka ci gaba, da Chrome ta kunna sabon tsarin a 2024, wasu tsofaffin na'urorin sadarwa sun rikice saboda gaisuwar ta yi musu tsawo.

Mai bincike a Leuven ba shi da wannan kasuwa, ba shi da wannan netwok. Ɗalibin da ya auna waɗannan abubuwa da tsari, a wurare daban daban daga Samaru zuwa PZ zuwa Tudun Wada, ya rubuta yadda ya yi domin wani ya maimaita, ya kawo abin da fannin ke buƙata. Da ɗan gari akan ci gari.

Haka kuma masu gyaran waya. Akwai reshen bincike da ke sato makulli ta hanyar auna wutar da guntu ke sha yayin da yake lissafi, dabarar da Paul Kocher da abokan aikinsa suka bayyana a ƙarshen shekarun 1990. Misalinta kamar yadda kake gane maƙwabci ya jona dutsen guga daga canjin kukan janaretansa. Wannan aiki na buƙatar hannun da ya saba da bin layukan allon waya da liƙa waya siririya kamar gashi. Matashin da ke wannan sana'a a Sabon Gari ya riga ya mallaki rabin aikin. Da za a haɗa shi da ɗalibin lissafi na Samaru a tebur ɗaya, da an samu tawaga.

Gaskiyar magana

Wani zai ce ɓarayin da ke kwashe wa iyayenmu kuɗi a yau ba su san kwantam ba, kira suke yi su ce daga banki ne, a karanto musu lamba. Haka ne, kuma wannan ce matsalar da ta fi gaggawa. Amma wanda ya ƙware wajen duba kod ɗin ɓoye bayanai, gobe da safe zai iya duba manhajar banki ko ta asibiti. Ko da kwamfutar kwantam ta ƙara shekara talatin ba ta zo ba, ilimin bai tafi a banza ba, kuma ƙaurar ta riga ta fara.

Wani kuma zai ce babu aikin a Najeriya. Kujerun bincike zalla kaɗan ne a nan, ba na musu. Yawancinsu suna wurare irin su Leuven, da Nijmegen da Eindhoven a Holan, da Bochum a Jamus, da Waterloo a Kanada. A ƙasashe irin su Holan da Norwe ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne da ake biya albashi. Akwai kuma gada a cikin Afirka: cibiyar AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana kuma ba da digiri na biyu a lissafi da cikakken tallafi. Tun 2008 ake taron Africacrypt a nahiyar nan. A gida kuwa, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayananmu nauyin tsare su, kuma bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi za su buƙaci wanda zai lissafo musu duk inda tsohon kwaɗo yake a tsarinsu.

Batun digiri ma kada mu yaudari kanmu. Ni a sakandare karatuna na aji ya tsaya, kod kuma da kaina na koya, don haka ba na raina wannan hanya. Tana kai mutum ga gyara manhajojin da kowa ke iya dubawa, da gano kurakurai, da aikin injiniya mai kyau. Amma mai son sunansa ya zama mai bincike, ya ƙirƙiro dabara ko ya rusa ta kamar yadda aka yi wa SIKE, yana buƙatar shekaru na lissafi a ƙarƙashin malami. Ƙanina mai cike fom ɗin JAMB, idan an ba ka lissafi ko fiziks a ABU, kada ka ɗauke shi a matsayin an yar da kai. Masu cewa ƙarshensa koyarwa a sakandare ba su duba inda duniya ta dosa ba.

Sai gargaɗi. Duk wanda ya ce ka biya shi ya mai da kai ƙwararren kwantam cikin mako biyu, ko ya ce ka zuba kuɗi a manhajar kwantam mai ninka riba, ka riƙe kuɗinka.

Daga ina za a fara

Fara da lissafin agogo, wato wanda lambobi ke zagayowa idan sun kai wani iyaka, da lissafin matiris, da na yiwuwar aukuwar abu. ML-KEM gaba ɗayansa wasa ne da jerin lambobi 256 da ke zagayowa a kan 3329. Koyi Python, ko a waya ta manhajar Termux, sannan C. Yi atisayen Cryptopals da CryptoHack, waɗanda ke koyar da kai ta hanyar ɓalle tsarin da aka raunana domin koyo. Darasin Dan Boneh na Jami'ar Stanford yana intanet. Takardar FIPS 203 kyauta ce: sauke ta, ka rubuta ML-KEM da hannunka, ka gwada sakamakonka da na liboqs. Abin da ka rubuta na koyo ne, kada ka sa shi a manhajar da mutane za su dogara da ita. Mai sha'awar ɓangaren haske ya kwaikwayi BB84 a Qiskit, ya saka maɓoyi a tsakiya, ya ga kuskuren da idonsa. Sabbin takardun bincike na fita kyauta kusan kullum a taskar ePrint. Kuma duk gwajin da za ka yi, a kan na'urarka ko wadda aka ba ka izini.

Ga malamanmu na ABU kuma, roƙo ne ƙarami. Zariya ba baƙuwar kimiyya mai wuya ba ce. Tun 2004 na'urar nukiliya ta bincike ta ƙasar nan take aiki a cibiyar CERT, cibiyar kwamfuta ta jami'ar kuma sunan masanin lissafi take ɗauke da shi, Farfesa Iya Abubakar. Ba sai an jira tallafin sayen leza ba. A ware aji ɗaya da yammacin Asabar inda za a riƙa karanta takarda guda a tare, a bar ƙofar a buɗe ga ɗaliban Nuhu Bamalli da masu gyaran waya da irinmu masu koyon kai. A ba 'yan ajin ƙarshe aikin auna ML-KEM a kan POS da ƙananan wayoyi maimakon wani shafin rajistar ɗalibai na ɗari. Cikin shekara biyu za a iya samun takardar da ta cancanci a kai ta Africacrypt da adireshin Samaru a kanta.

Shekarar 2035 ba ta da nisa. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya a bana, in ya dage, zai iya kammala digiri na uku kafin ta zo.